Leda ta Uku

Tela ce ta fara ganin abin, kuma a bakin riga ta gan shi kafin ta gan shi a jikin yarinyar. Ta ɗinka wa 'yarta Ƙarama rigar makaranta, ta sa mata, sai gefen dama ya ɗage, na hagu ya sauka. Ta farke ta sake, ya sake ɗagewa. Mace ce da ta shekara goma sha takwas a kan keken ɗinki ba a taɓa dawo mata da ɗinki don ya karkace ba, saboda haka a karo na uku sai ta ajiye almakashi, ta ce wa yarinyar ta juya baya ta sunkuya. Nan ta ga haƙarƙarin dama ya yi tudu, ƙashin bayan kuma ya saki hanya ya yi gefe.

Shekara biyu ke nan da wannan ranar. Yanzu Ƙarama tana da sha biyar, lanƙwasar kuma ta kai inda in ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya tana haki, don ƙashin ya fara matse mata huhu. Likitan ƙashi ya ce sai tiyata, a miƙe shi a ɗaure da ƙarfe. Sau biyu a shekara yake zuwa asibitin, ya ba su ranar Litinin ta ƙarshen wata. Ya kuma ce aikin yana cin jini sosai, jinin yarinyar kuwa irin wanda ake shan wahalar samu ne, don haka za a ɗebi nata tun da wuri a ajiye mata a firij. Ya faɗa ba wasa a fuskarsa: in babu leda biyu ta jininta a hannu, ba zai taɓa ta ba. Ta uku kuma ta ko-ta-kwana ce.

Faɗar leda biyu ba ta da wuya. Tara su a jikin yarinyar da ko iska mai ƙarfi tana iya ture ta, wannan Tela ce ta san yadda aka yi. Gidan da take aure babban gida ne, 'yan'uwa da matansu da 'ya'yansu, kuma komai nasu a hannun mutum ɗaya yake: Gwaggo, yayar mijinta, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Dokar gidan tun kafin a auro Tela ita ce, duk abin da ya shigo ta ƙofa na kowa ne. Buhun shinkafa ne, sabulu ne, ƙwan fitila ne, sai ya shiga sito, makullan siton kuma suna ɗaure a gefen zanin Gwaggo. Kafin ka gan ta za ka ji su. Don haka Tela ta koyi sata a kayanta. Ta sayi hanta da ƙwai ta ɓoye a shagon ɗinki, ta dafa a kan ƙaramin risho bayan labule, Ƙarama ta biyo daga makaranta ta ci a tsaye, ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jini tana yatsina fuska, ta goge baki, sannan su tafi gida kamar ba a yi ba.

Haka aka samu leda ta farko, bayan mako guda aka samu ta biyu. Ranar ta uku, kafin ma a kai ga allura, yarinyar ta sulale ta faɗi a bakin ma'auni. Matar da ke kula da ɗakin ajiyar jini, wadda Ƙarama ta raɗa wa Anti Sauro, ta ce ya isa haka. Ta gwada Tela, sai ga shi irinsu ɗaya da 'yarta. Aka yi mata duk gwaje-gwajen da ake yi, aka ce ta zo ranar Asabar ta ba da leda ta uku. Babu wanda ya san wannan a gida, domin babu wanda ya tambaya. Uban yarinyar, mai gyaran fanka ne, sau ɗaya ya taka asibitin, ya sa hannu a takarda ya koma shago.

Ranar Asabar da hantsi suka iso. Ɗakin yana ƙarshen baranda, ƙarami ne mai sanyi, da doguwar kujera mai wurin ɗora hannu, da firij biyu suna gurnani. Anti Sauro ba ta da fara'a, amma ta saba da Ƙarama, har takan buɗe mata firij ta leƙa. Ledojin suna kwance a layin ƙasa su kaɗai, kowace da koriyar takarda da aka rubuta: na mai shi ne kaɗai.

“Anti, ba su lalace ba dai?” in ji Ƙarama.

“Ke ce za ki lalata su da leƙe. Rufe min firij.”

Tela ta zauna a kujera ke nan tana shirin naɗe hannun riga, sai ta ji ƙarar makullai a baranda.

Gwaggo ta faɗo ɗakin ko sallama babu, mayafi a hannu, mijin Tela yana biye da ita kamar wanda aka ja da igiya. Idanunta sun yi ja. Ɗanta ne, Direba, babbar mota ta kife da shi da asuba, yana can ɗakin gaggawa jini yana zuba a cikinsa. Jininsa irin na Ƙarama ne, asibitin kuma leda ɗaya yake da ita ta irinsa, ita ce a rataye a kansa yanzu, ta kusa ƙarewa.

“An ce akwai namu guda biyu a nan,” in ji Gwaggo. “A fito da su.”

Anti Sauro ta dube ta sama da ƙasa. “Naku?”

“Na yarinyar gidanmu. Ga ta nan tsaye, lafiyarta ƙalau, da ƙafarta ta zo. Ɗana yana can rai a hannun Allah. A ba shi, ita in ya so ta sake tara wani.”

Direban nan shi ne ya raɗa wa Ƙarama suna Lauje, ranar da ya fara ganin bayanta, yana dariya har da dukan cinya. Sunan ya bi gida, ya bi layi, ya bi ta har makaranta. Gwaggo kuwa cewa ta yi wasa ne irin na 'yan'uwa, kuma ai a danginsu ba a taɓa haifar karkatacce ba, a nemi tushen abin a wani wuri. Duk da haka Tela ba ta so ya mutu. Ta dai tsane shi, kuma ta san ta tsane shi.

“Hajiya, nan ba sito ba ne,” in ji Anti Sauro. “Wannan jinin an ɗebe shi ne daga mara lafiya don a mayar mata. Ba na ba wa kowa. Ko ita ba ta buƙace shi ba, zubarwa ake yi.”

“Zubarwa? Ku zubar da jini mutum yana mutuwa?”

“Haka aikin yake.”

Gwaggo ta fice, ba a yi minti goma ba ta dawo da likitan gaggawa, wani dogo da ya kwana bai runtsa ba, riƙe da takarda. Ya ce gaskiyar Anti Sauro ce, ba a yin haka. Amma ya buga waya ko'ina bai samu ba, kuma in rai ne a kan layi, in uban yarinyar ya sa hannu, zai ɗauki nauyin a sake gwada ledojin a ba wa Direba. Ya ƙara da cewa su sani, in aka yi haka tiyatar Litinin ta tashi.

“Sai yaushe?” in ji Tela.

“Sai likitan ƙashi ya dawo. Wata shida.”

Wata shida. Tela ta tuna benen makaranta, da yadda take jin numfashin yarinyar daga ɗaki zuwa ɗaki. Ta dubi mijinta. Ya riga ya karɓi biro.

“Baban Ƙarama, ajiye biron nan.”

“Ke, ki yi haƙuri. Rai ne fa.”

“Ita wannan da ka haifa itace ce?”

“Yaya ta ce...”

“Na ji abin da Yaya ta ce, kunnena ƙalau. Kai me ka ce? Ka san sau nawa aka soka mata allura? Ka san ta suma a nan, daidai inda kake tsaye? Ka san abin da ta ci ta tara jinin nan?”

Gwaggo ta yi caraf ta ce, “To, ashe ana cin wani abu a ɓoye! Na faɗa, na ce matar nan ba ta ɗauki gidanmu gida ba. Shekara goma sha takwas kina ci daga sitona, yau an zo neman abu ɗaya a wurinku kin tsaya kina ƙidaya allura. Wallahi in ɗana ya mutu, ke kika kashe shi.”

“Ba ni na ba shi mota ba, Yaya.”

Gwaggo ta juya ga ƙanenta. “Kai, sa hannu! Kai ne ubanta ko ita?”

Ya ɗora takardar a kan firij ya sunkuya. Yana neman layin da zai rubuta. A nan ne Ƙarama, da ke rakuɓe a jikin bango kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta ce a hankali, “Mama, ki bari a ba shi. Zan iya jira.”

Wannan maganar ce ta fi yi wa Tela ciwo. Ita ta koya wa yarinyar haka. Shekara da shekaru tana ganin uwarta tana miƙa komai tana cewa ba komai, ga shi yau tana shirin miƙa huhunta.

Tela ta dubi Anti Sauro. Matar ta san abin da ke jikin Tela, amma ba a faɗin sakamakon wani a gaban wani, don haka ta kafe idonta a kan littafinta ta yi gum. Da Tela ta so, da ita ma ta yi shiru, ta ƙwace takardar ta yaga, kowa ya yi abin da zai yi. Sai dai za a kawo wata takardar, kuma ta san mijinta.

“Likita,” ta ce, “leda ɗaya za ta ishe shi?”

“Biyu ta fi. Amma ɗaya za ta isa mu shiga da shi tiyata mu tsayar da zubar.”

“To irin jinina ne. An gwada ni tun ranar Talata. Yau na zo ba wa 'yata.”

Mijinta ya ɗago yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

“Kina da shi kika tsaya kina ja mana rai?” in ji Gwaggo. “To zauna mana! Me kike jira?”

“Abu biyu nake jira. Na farko, a ba ni takardar nan.” Ta fizge ta daga kan firij, ta yaga gida huɗu, ta cusa a jakarta. “Na biyu, wannan ledar ta 'yata ce zan ba wa ɗanki, ni kuma ba za a sake ɗibar nawa ba sai bayan wata uku. Don haka kafin la'asar ki kawo min duk wani baligi na gidan nan a gwada shi, har a samu wanda zai mayar mata. Ke ce mai makullin kowa. Ki rantse.”

“Ni za ki sa wa sharaɗi?”

“Ke fa, Yaya. Kuma ledar da ke kansa tana ƙarewa.”

Gwaggo ta rantse, haƙoranta a cije. Tela ta naɗe hannun riga. Allurar ta fi duk wadda ta taɓa sa wa keke kauri, ta kau da kai. Ƙarama ta matso ta sa mata ƙwallon roba a tafin hannu ta ce ta riƙa matsawa tana saki. Tela tana matsawa tana kallon jininta yana bin siririyar roba, tana jin kamar daga bakin 'yarta take zare shi. Da ledar ta cika likitan ya bi Anti Sauro da ita. Gwaggo ta bi bayansu, ko waiwaye babu, balle sannu.

Alkawari kam ta cika. Bayan azahar, lokacin da aka fito da Direba da rai, sai ga mutanen gida a jere a baranda, mutum goma sha huɗu, ƙanne da matansu da manyan 'ya'ya, kowa ya ɗaure fuska yana harar Tela kamar ita ta kife motar. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Anti Sauro tana tsira wa kowa allura a yatsa, ta ɗiga a faranti, ta jujjuya, ta girgiza kai. Har da mijin Tela. Mutum goma sha huɗu, babu ko ɗaya.

“To kin gani,” in ji Gwaggo tana gyara mayafi. “Na kawo su. Allah bai yi ba.”

Tela tana zaune a benci, jiri yana ɗibarta. Ta ce, “Saura mutum ɗaya.”

“Wa?”

“Duk wani baligi na ce. Ko ke ba 'yar gidan ba ce?”

Gwaggo ta fara kawo dalilai. Shekaru, ciwon gwiwa, ba ta ci komai ba tun safe. Anti Sauro ta tambayi shekarun, ta ce hamsin da shida bai hana ba. Sai mijin Tela, da bai taɓa faɗin abu a lokacin da ya dace ba sai yau, kuma yau ɗin ma ba da niyya ba, ya ce, “Af, Yaya, ba ke ce da za ki haifi Direba aka yi kwana biyu ana neman jinin da zai yi miki ba? Har aka ba ki wani kati aka ce kar ki rabu da shi?”

Gwaggo ta watsa masa wani kallo, ya haɗiye sauran. Amma kowa ya ji.

Tela ta miƙe, ta dafa bango don kar ta faɗi. “Kin sani,” ta ce. “Tun da safe kin sani. Ɗanki yana zubar da jini, naki yana jikinki, kika zo ɗaukar na yarinya mara lafiya.”

“Ni ba na son allura,” in ji Gwaggo. Muryarta ta yi ƙasa, karon farko da Tela ta ji ta haka. “Tun waccan haihuwar ko ganinta ba na iya yi.”

“Ita Ƙarama so take yi?” in ji Tela.

Matan ƙannen, da kowace ta taɓa tsayawa a bakin sito tana roƙon sabulun da mijinta ya saya, suka tsaya suna kallo, kuma babu wadda ta matsa daga bakin ƙofa. Gwaggo ta duba hagu ta duba dama, ta ga ba hanya. Aka tsira mata a yatsa, Anti Sauro ta jujjuya faranti ta ce, “Shi ne.” Aka auna ta, aka ce ta hau kujera. Makullan suka hana ta zama daidai, dole ta kwance su ta ajiye a kan tebur. Da ta ga allurar sai ta fara salati da ƙarfi, gumi yana keto mata.

Ƙarama ta miƙa mata ƙwallon roba. “Ba zafi sosai, Gwaggo. Sau biyu aka yi min. A na uku ne kawai na suma.”

Ranar Litinin da sassafe aka tura Ƙarama a gado mai taya, ta shige ƙofa mai marfi biyu. A wajen akwai benci biyu suna kallon juna. Tela ta zauna a ɗaya. Can da hantsi Gwaggo ta sauko daga ɗakin da aka kwantar da ɗanta ta zauna a ɗayan. Ba su gaisa ba. Kowace da filasta a lanƙwasar hannu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Anti Sauro ta wuce da ƙaramar kula, ta miƙa ta ƙofa. Leda ta farko. Bayan azahar ta sake wucewa. Ta biyu. Tela ta riƙa roƙon Allah ya sa a tsaya nan, kuma ta san ba don lafiyar yarinyar kaɗai take roƙon ba. Ba ta son ko ɗigo na matar nan ya shiga jikin 'yarta.

Ƙarfe uku saura, wata nas ta leƙo ta yi magana a waya da sauri. Sai ga Anti Sauro a karo na uku, wannan karon da gudu-gudu, kular a ƙirjinta. Tela ta miƙe tsaye. Duk tsanar ta zube, ta bi kular da ido tana cewa a ranta, yi sauri, don Allah yi sauri. Da ledar ba ta nan fa? Ta kasa ƙarasa tunanin.

Sai da la'asar ta yi sanyi likitan ƙashi ya fito, hular aiki a hannu. Ya ce an gama, ƙashin ya miƙu fiye da yadda ya zata, yarinyar tana numfashi da kanta. Ta zubar da jini fiye da lissafinsa, leda ta uku ce ta riƙe ta. Tela ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta rufe fuska ta yi kukan da ta shekara biyu tana haɗiyewa.

Ta ji ƙarar makullai sun matso kusa da kanta.

“To,” in ji Gwaggo. “Ba don ni ba da yanzu wani zancen ake yi. Sai ki riƙa tunawa.”

Tela ta share fuska da gefen mayafi, ta tashi tsaye, ta kakkaɓe zaninta. Ta dube ta ido cikin ido.

“Leda biyu nata ne, Yaya, ita ta tara abinta. Naki ciko ne, kuma bashi kika biya. In tuni kike so, hau sama ki dubi ɗanki. Duk ranar da ya sake buɗe baki ya ce mata Lauje, ki gaya masa da jinin wa yake magana.”

Nas ta leƙo ta ce mutum ɗaya zai iya shiga ya gan ta. Gwaggo ta ɗaga ƙafa, don a gida ita ke fara shiga ko'ina. Tela ta sa hannu mai filasta ta tare ƙofar, ta shige, ta ja marfin a bayanta.